Hannun Hagu

Sunneva ta bar rigar ulu a kwando gefen kujera.
Ta gama jiki, ta gama hannun dama,
na hagu ya tsaya daidai gwiwa,
allurai huɗu na soke a cikinsa
kamar ta tashi ne ta duba tukunya.

Wata biyu ban taɓa kwandon ba.
A Siglufjörður in sanyi ya kankama
rana kan shige bayan duwatsu makonni goma,
ko gaisuwa ba ta leƙo mu.
Bana ban lura ba.
Duhun ɗaki ya riga na waje zuwa.

Masu ta'aziyya sun zo sun watse,
sun bar burodi da busasshen kifi
da kalmomin da kowa ke faɗa.
Na yi godiya, na wanke kofuna.
Da safe in ɗauko biyu, in mai da ɗaya.

Shekara arba'in da ɗaya ina teku.
Yatsuna sun san igiya, sun san ƙugiya,
sun san zafin gishiri a tsagar fata.
Ulu kuwa ban san ta ina ake kama shi ba.

Bergljót maƙwabciya, mai tamanin da uku,
ta shigo da sandarta, ƙanƙara har idon sawu.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta ce, "Ketill, mai gyaran koma saƙa ta gagare shi?
Zauna. Ƙirga."

Na ƙirga.
Arba'in da takwas a kowane zagaye.
In na kai talatin sai in tuna asibiti,
farin bargo, ƙarar na'ura,
ido ɗaya ya zame daga allura,
in warware, in sake.
Daren farko na yi layi uku, na warware biyar.
Na zagi zaren da zagin matuƙan jirgi,
na ji dariyarta daga wajen murhu,
na juya, ba kowa sai buta.

Dare na tara, ina jan zare,
na ga wani abu na sheƙi can ƙasa da gwiwa:
silin gashinta ɗaya, fari,
ya shiga saƙa ita ba ta sani ba.
Kukan da ya ƙi zuwa a coci,
ya ƙi zuwa a bakin kabari,
nan ya same ni da allura a hannu.
Da ya gama da ni, na share ido,
na nemi inda na tsaya. Sha bakwai.

Zanen wuya ta yi shi bayan takardar kuɗin wuta,
toka-toka da baƙi, da ɗan ja a tsakani.
Ja ba launina ba ne, ta sani.
Na saƙa jan yadda ta zana.
Gardama ce ta ƙarshe, kuma ta ci.

Saƙarta laushi, tawa tauri kamar tabarma.
Ko makaho ya shafa zai gane iyaka,
inda hannunta ya ajiye, nawa ya ɗauka.
Bergljót ta ce, "Kawo in daidaita maka."
Na ce a bar shi haka.

Ranar da rana ta dawo kan tsauni,
yara na waƙa a matakalar coci,
gari na ƙanshin waina da kofi,
na sa rigar na gangara tashar jirage.
Hannun hagu ya matse ni daga gwiwa zuwa tsintsiya,
kamar wani ya riƙe ni kada in zame a ƙanƙara.

Ba cewa na yi na warke ba.
Har yau kofi biyu nake ɗaukowa.
Sai dai jiya na saya ulu curi shida,
jikanmu Hrafnkell ba shi da hula,
kuma dare a nan yana da tsawo.